Cacar ƙwallo ba ta tambayar addinin yaro

Wallahi wani rahoto da na ci karo da shi kan yadda cacar ƙwallo ta cinye matasa ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Sai dai ban yarda da masu cewa matsalar Musulmi ce kaɗai ba. Mu dai hukuncin a fili yake, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa giya da caca wuri guda, ta ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan. To amma maƙwabcina a Kaduna Kirista ne, dattijo a cocinsu, kuma ɗansa ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi saboda wannan masifa. Da muka zauna ya ce min Littafi Mai Tsarki bai ambaci caca da suna ba, amma ya ce son kuɗi shi ne tushen kowace irin mugunta, kuma a kan haka fastocinsu ke wa'azi. Kukansa da namu iri ɗaya ne.

Tunda Kotun Ƙoli ta ce a 2024 jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca, me ya hana limamai da fastoci su tafi majalisar jiha tare? Yanzu ma ba sai yaro ya je shago ba, a wayarsa yake zuba kuɗin makaranta cikin dare, iyaye na barci.