Mai ciwo ce za ta zaɓi likitarta, ba ku ba

Tun daren Alhamis raina yake a ɓace, na yi ta danne zuciyata amma ta ƙi dannuwa. Waɗanda kuka je taron sunan nan kun ji da kunnenku. Ana zuba gahawa, ana miƙa dabino, ana cin naman 'yar mutane da ba ta ma wajen. Ba zan kama sunan kowa ba, mai abin ta san kanta, waɗanda suka yi dariya su ma sun san kansu.

Abin da kuka yi zalunci ne. Yarinya ta bar uwarta da ubanta a Najeriya, aure ya kawo ta Makka, ta haihu wata biyar ke nan ba barci ba cin abinci, sai kuka. Da ƙyar ta iya buɗe baki ta ce tana son ganin likitan ƙwaƙwalwa. Sai kuka karɓe maganar daga hannunta. Ku kuka zaɓo wanda za a je wurinsa, wani da kuka gani yana surutu a TikTok, ba wanda ya tambayi takardarsa. Ku kuka sa rana. Sannan kuka haɗa ta da gwaggon mijinta a matsayin tafinta, tunda Larabcinta bai nuna ba. Aka shiga, mutumin ya tambaye ta yadda zamanta da maigida yake, kafin ta ɗago kai gwaggo ta amsa: "Lafiya lau suke, shagwaɓa ce kawai." Ɗan abin da ta samu ta faɗa kuwa, kafin a yi sallar isha ya zaga unguwar Shari' Mansur a nan Makka.

Ni na je na gan ta jiya da la'asar. Na same ta a ƙasa ta jingina da gado, jaririn yana barci a cinyarta, kwanon abincin rana yana gefe ko buɗe shi ba a yi ba. Na ce, "Ƙanwata, za ki sake gwadawa?" Ta daɗe tana murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Yaya, na gama magana da kowa." Wannan kalmar ce ta hana ni barci. Kun rufe mata ƙofar da ta sha wuya kafin ta buɗe.

Mai ciwo ce za ta zaɓi wanda za ta buɗe wa cikinta. Ba uwar miji ba, ba gwaggo ba, ba ma mijin ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya kamata wadda aka ba amanar rakiya ta san haka. Ku raka ta, ku riƙe mata jariri, ku biya kuɗin mota, ku zauna a waje kan kujera har ta fito. Iyakar taimakonku ke nan, kuma taimako ne babba. Amma ɗakin nan nata ne.

Na san za a ce ai ba ta jin Larabci sosai. To sai a tambaye ta wa take so ya fassara mata. Wataƙila ƙawarta ce, wataƙila wadda ba ta san danginta ba sam, wataƙila ta fi son likitar da ke jin Turanci ta lallaɓa da wanda ta yi a makaranta. Ita za ta faɗa. Wanda ke cikin matsalar ba ya zama tafintan matsalar. Ta yaya za ta ce maganganun gidan miji ne ke cin ranta, alhali gidan mijin ne zai juya maganar zuwa Larabci?

Masu cewa ruƙiyya kawai take buƙata, ba ni da lokacin doguwar muhawara da ku. Wa ya hana ruƙiyya? A yi mata, a yi mata addu'a a Harami, ta sha zamzam, kuma ta ga likita. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, a ciki ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. Sama da shekara dubu ke nan. Mu kuwa har yau da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai a ce za a kai mutum Shihar, asibitin masu taɓin hankali na garin Ɗa'if, kamar duk ƙasar nan shi ne kaɗai, kamar duk mai damuwa mahaukaci ne. Binciken da aka yi a faɗin Saudiyya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna kusan mutum 34 cikin 100 na 'yan ƙasar sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Ku ƙirga matan da suka zauna a falon nan ranar Alhamis, ku raba uku.

Yanzu da ke nake, ƙanwata, da duk wadda ke karanta wannan a ɓoye tana tunanin zuwa. Zaɓin naki ne, ga abin da na koya da na raka wata 'yar uwata bara.

Ki fara sanin wa kike nema. Ɗabib nafsi likita ne cikakke, shi ke rubuta magani. Akhissa'i nafsi kuma aikinsa zama da ke, a yi magana, a koya miki yadda za ki kama tunaninki kafin ya kama ki. Wata tana buƙatar ɗayansu ne kawai, wata duka biyun. Kowanne ne, dole ya kasance da rajista a hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya ta ƙasar nan, Hai'atut Takhassusat, kuma ana iya duba rajistar a shafinsu na intanet. Yawan mabiya a waya ba lasisi ba ne. In kin rasa ta inda za ki fara, ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ki tambaya. In kina da ta'amin, wato inshorar lafiya, ki duba abin da ya ɗauke miki kafin ki kama mau'idi, wato ranar ganin likita. In mace kike so, ki ce mace kike so, ba kunya a ciki.

Kafin ranar, ki ɗauki takarda. Na ga amfanin wannan da idona, domin 'yar uwata da ta zauna gaban duktura, wato likitar, kanta ya ɗauke gaba ɗaya, takardar nan da ta ninke a jaka ce ta cece ta. Ki rubuta yaushe abin ya fara, awa nawa kike barci, yadda cinki yake, magungunan da kike sha har da na gargajiya da rubutu da jiƙo, da ko kina shayarwa. Ki rubuta da Hausa in ya fi miki sauƙi. Kada ki yi mamaki in an tura ki gwajin jini, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo kasala da damuwa, musamman ga mai jego. Zaman farko yawanci bai wuce awa guda ba, mafi yawansa tambayoyi ne, ba a warkewa a ranar. Abin da ba ki shirya faɗa ba ki ce ba yau ba. Kuma ke ma ki yi taki tambayar: wa zai ga abin da ake rubutawa? Sirrinki amana ne a wuyansu, sai dai in ranki ko na wani yana cikin haɗari. Ki sa ta faɗa miki haka da bakinta. In kuma tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, wannan kada ki jira mau'idi, ki tafi asibiti a ranar.

In kin fito kin ji ba ta saurare ki ba, ko ta yanke miki hukunci tun ba ki gama ba, ki canza. Ba aure kuka ɗaura ba. In an ba ki magani kuwa, yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada wata ta sa ki yar da shi a kwana uku, kada kuma ki daina farat ɗaya ba da sanin likita ba. Ke za ki zaɓa, ke za ki shiga, ke za ki yi magana.

Ni abin da ya fi ci mini rai ma, da a gida ta haihu da yanzu tana ɗakin uwarta. Kwana arba'in ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunun kanwa, ana karɓar jaririn ta runtsa. A nan sai aka yi suna aka watse, aka bar ta a hawa na huɗu da na'urar sanyaya ɗaki da bango huɗu, miji ya fita tun asuba. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan da ƙafa ta Sudan ba haka suka riƙe junansu ba. Nana A'isha ta kan sa a dama talbina ga wanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Garin sha'ir ne da madara da zuma, ba wani abu mai wuya ba. Gobe in sha Allahu zan dama in kai mata bayan azahar. Wadda ta san inda ake samun garin sha'ir mai kyau wanda ba a cire masa dusa ba, ta yi mini magana, wanda na saya wancan watan duk ya yi warin ajiya.