Hoffenheim: Ƙauye Ne Ya Hau, Ko Aljihun Hopp?

Duk sanda aka zo maganar kulob ɗin ƙwallon ƙafa na ƙauye da ya kutsa cikin manya, Hoffenheim ta Jamus ake fara kawowa, kuma galibi a ba da labarin kamar tatsuniya, wai wasu 'yan ƙauye ne suka dage har suka hau saman Bayern a tebur. Ni ban yarda da wannan sigar ba. Haka kuma ban yarda da ta magoya bayan Dortmund da Bayern ba, masu cewa kulob ɗin roba ne da kuɗin attajiri Dietmar Hopp suka ƙera da rana tsaka. Jama'a, mu bi abin daki-daki.

Hoffenheim ƙauye ne na gaske, ba kirari ba. Mutanensa dubu uku ne da 'yan ɗari, a jihar Baden-Württemberg ta kudu maso yammacin Jamus, kuma a tsarin mulki yana ƙarƙashin garin Sinsheim. Shekarar 1899 da ake gani a jikin sunan kulob ɗin, TSG 1899 Hoffenheim, ta kafa ƙungiyar motsa jiki ce; sai a 1945 aka haɗe ta da ƙungiyar ƙwallon ƙauyen. Daga nan shekaru sama da arba'in ba wanda ya san da su. 'Yan dagaji ne kawai, a tashi daga aiki a zo a buga, a watse.

Cikin yaran da suka taka leda a wannan kulob akwai Dietmar Hopp, wanda aka haifa a 1940 ya kuma tashi a ƙauyen. A 1972 shi da abokansa huɗu, dukkansu tsofaffin ma'aikatan IBM, suka kafa kamfanin manhajar kwamfuta na SAP, ya zama ɗaya daga cikin hamshaƙan attajiran Jamus. Wajen 1990, lokacin kulob ɗin na can rukuni na takwas, ya waiwayo gida ya fara sa hannu a aljihu.

A nan ne nake rabuwa da masu zaginsa. Mai irin dukiyarsa da suna yake nema, da sai ya nufi wani babban kulob mai tarihi da ke neman agaji, a yi masa tafi tun ranar farko. Hopp bai yi haka ba. Ya zauna da kulob ɗin ƙauyensu suna hawa mataki-mataki: rukuni na biyar a 1996, na huɗu a 2000, na uku a 2001. A 1999 ya gina musu fili a cikin ƙauyen, wanda yau yake ɗaukar mutum dubu shida da 'yan kai. Kocin da ya riƙe su daga 2000 zuwa 2005 kuwa Hansi Flick ne, wannan dai Flick ɗin da ya zo ya ci Kofin Zakarun Turai da Bayern a 2020. Shekara goma sha takwas aka ɗauka kafin a taka Bundesliga, rukunin farko na ƙwallon Jamus. Wanda ya yi wannan haƙurin, a kira shi duk abin da aka ga dama, amma ba ɗan ci-rani ba ne a kulob ɗin.

Sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Matakai biyun ƙarshe ba haƙuri ne ya hau su ba, kuɗi ne tsagwaronsu. A 2006 aka ɗauko Ralf Rangnick, mutumin da bai daɗe da barin Schalke ba, ya zo horar da kulob ɗin rukuni na uku. Wa ya taɓa ganin haka in ba da ƙarfin aljihu ba? A 2007 suka hau rukuni na biyu, aka sayo Demba Ba da Chinedu Obasi da Carlos Eduardo da kuɗin da sauran kulob-kulob ɗin rukunin ba sa ko mafarkinsu. A 2008 suka shiga Bundesliga. Kuma kada a manta, a 2005 Hopp ɗin nan ya so ya haɗe kulob ɗin da maƙwabtan kulob biyu, Sandhausen da Astoria Walldorf, a koma yankin Heidelberg da sabon suna. Rashin jituwa ne ya hana. Da abin ya yiwu, da yau babu zancen kulob ɗin ƙauye ko kaɗan. Masu tatsuniya ba sa son a tuna musu wannan.

Wanda ya kalli rabin farko na kakar 2008/09 ya san dalilin da ya sa har yau ake zancenta. Yara ne masu gudu, da an ƙwace musu ƙwallo sai su yi wa mai ita ca, su ƙwato, cikin taɓawa uku huɗu sun isa raga. Obasi, wanda ya dawo da lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Beijing, yana yanka ta gefe, Demba Ba yana tsakiya, Vedad Ibišević kuwa ya zura 18 a wasa 17. Aka tafi hutun hunturu sabbin shiga ne a saman tebur. Sai Ibišević ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan sada zumunta a watan Janairu, ƙungiyar ta yi sanyi, aka ƙare kaka suna na bakwai. Har yau ba su taɓa cin Bundesliga ba, ba su taɓa cin kofin ƙalubale na Jamus ba. Wannan ma amsa ce ga mai cewa Hopp ya saye gasa.

To ina ƙauyen a cikin wannan duka? Nan ne abin yake ɗan sosa mini rai. Wasannin gida na wancan rabin kaka a Mannheim aka buga su. A Janairun 2009 aka buɗe sabon fili mai ɗaukar mutum 30,150, ba a Hoffenheim ba, a Sinsheim, gefen babbar hanya. Sai an ninka mutanen ƙauyen kusan sau tara kafin su cika shi. Sansanin atisaye kuma yana Zuzenhausen, wani ƙauyen na maƙwabta. Abin da ya rage a Hoffenheim shi ne suna da tsohon fili. Kuma sau da yawa kyamara kan hasko kujeru wayam a ranar wasa, domin ana iya sayo ɗan wasan gaba a mako guda, amma mai goyon bayan da kakansa ya riƙo hannun babansa zuwa fili sai an jira zamani ya juya.

Fushin Jamusawa yana da tushe. Suna da dokar da ake kira 50+1, wadda ta ce mambobin kulob ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, ba mai zuba jari ba. An yi wa Leverkusen da Wolfsburg rangwame a wannan doka saboda kamfanonin Bayer da Volkswagen da ke ɗauke da su, sannan daga 2015 aka yi wa Hopp, bisa hujjar ya shekara ashirin yana ɗauke da kulob ɗin. Mai goyon bayan tsohon kulob mai tarihi irin Kaiserslautern ko Nuremberg yana ganin duk kujerar da Hoffenheim ta zauna a Bundesliga tasa ce aka ƙwace. Na fahimci zafin. Amma Hamburg da ta faɗi daga Bundesliga a 2018 da Schalke da ta faɗi a 2021, ba Hopp ne ya tura su ba, shugabanninsu ne suka yi ta ɓarnar kuɗi da sauya koci.

Abin ya kai maƙura ranar 29 ga Fabrairun 2020. Bayern na cin 6 da nema a Sinsheim, sai magoya bayanta suka ɗaga ƙyallaye masu zagin uwar Hopp. Alƙalin wasa ya tsayar, 'yan wasa suka fice, da suka dawo sai ƙungiyoyin biyu suka riƙa miƙa wa juna ƙwallo a tsakiyar fili har lokaci ya cika, Hopp da Karl-Heinz Rummenigge, shugaban Bayern na lokacin, na tsaye kafaɗa da kafaɗa a bakin layi. Dattijo mai shekara kusan tamanin ake yi wa wannan, kuma a baya an sha ɗaga hoton fuskarsa cikin alamar saitin bindiga. Wannan ba kare al'adar ƙwallo ba ne, rashin kunya ne. Su ma 'yan gidan ba wankakku ba ne: a 2011 an gano wani ma'aikacin kulob ɗin ya kafa na'ura mai fitar da ƙara mai huda kunne don ta danne waƙoƙin zagin da 'yan Dortmund ke yi.

Hujjata mafi ƙarfi a kan cewa an gina abu na gaske ita ce mutanen da suka fito daga wurin. Julian Nagelsmann daga horar da yaran kulob ɗin aka ɗauko shi a Fabrairun 2016 yana da shekara 28, ƙungiyar na gab da faɗawa. Ya tsamo ta, ya kai ta ta huɗu a 2017, ta uku a 2018, ƙauyen nan ya buga Gasar Zakarun Turai. Niklas Süle a makarantarsu ya ƙarasa girma kafin Bayern ta ɗauke shi. Roberto Firmino ya zo a 2011 ba a san shi ba, Liverpool ta saye shi a 2015 kan kusan fam miliyan 29. Joelinton ya tafi Newcastle a 2019 kan fam miliyan 40. Kulob ɗin ya koyi sayen ɗanye ya sayar da nunanne, ko da yake irin wannan cinikin ne, na Luiz Gustavo zuwa Bayern, ya sa Rangnick ya ajiye aiki a Janairun 2011.

A 2023 Hopp ya mayar wa mambobi rinjayen ƙuri'ar da kansa, kulob ɗin ya koma ƙarƙashin 50+1. Wasu daga masu zaginsa ba su ce uffan ba, wasu suka ce ai har yanzu ba a motsi sai da sahalewarsa, kuma ina jin akwai ƙamshin gaskiya a nan. Matsayata dai ita ce: ba ƙauye ne ya hau ba, ɗan ƙauye ne ya ɗaga sunan ƙauyensu, kuma ban ga laifi a ciki ba. Tambayar da ta rage a kan kuɗi take. Hopp ya haura tamanin, kakar 2024/25 a na goma sha biyar suka ƙare da ƙyar, kuma ba kowace shekara ake samun Firmino na sayarwa ba.