Sau nawa ɗan majalisarka ya taɓa cewa "a'a"?

Jama'a, ina da tambaya, kuma da gaske nake. Wanda ka tura Majalisar Dokokin Jiha, sau nawa ya bi ra'ayin jam'iyyarsa, sau nawa ya saɓa mata saboda ku 'yan mazaɓarsa?

A Amurka wannan tambaya tana da amsa. Ana rubuta sunan kowane ɗan majalisar jiha da ɓangaren da ya zaɓa a kan muhimman ƙudurori, kowa na iya buɗe intanet ya ƙirga. Mu a nan yawanci ƙuri'ar murya ake yi. Kakakin majalisa ya ce masu goyon baya su amsa, a yi ihu. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su amsa, a ji murya biyu ko uku, ko a ji tsit. Ya buga guduma, shi ke nan, doka ta wuce. Wa ya amsa? Wa ya sunkuyar da kai yana latsa waya? Wa ma bai zo zaman ba? Ba a rubuta ba.

Ku dubi Kano mai kujeru 40. A watan Mayun 2019 majalisa ta amince da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, Gwamna Ganduje ya sa hannu. Kotu ta soke ta a watan Nuwamba, majalisa ta sake yin ta a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024, bayan rinjaye ya koma hannun NNPP, majalisa ta rushe dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba na nan don in ce wace ce daidai, kowa da ra'ayinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, magana ce da ta taɓa kowane gida a jihar, amma mutumin Gaya ko na Rano ba shi da takardar da zai ɗauka ya ce wa wakilinsa, "Ranka ya daɗe, ga inda ka tsaya, yi mana bayani."

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da muke kira biyayya ga jam'iyya, biyayya ce ga gidan gwamnati. Gwamna ne ke riƙe da tikitin takara, shi ke sakin kuɗi. Shi ya sa a gyaran kundin tsarin mulki na 2010 majalisun jihohi suka ƙi amincewa da 'yancin gashin kansu na kuɗi. Nasu fa, ba na wani ba! Sai a 2018 aka samu ya shiga kundin. 'Yancin ƙananan hukumomi kuwa ya kasa samun jihohi 24 da ake buƙata, sai Kotun Ƙoli ce ta yanke hukunci a watan Yulin 2024.

Bin jam'iyya ba laifi ba ne. A ƙarƙashin tutarta aka zaɓe ka, kuma ba a tafiyar da majalisa kowa na jan nasa. Amma wanda ya shekara huɗu bai taɓa saɓawa ba, ko a kan ciyo bashi, ko a kan kasafin da ya tsallake asibitin garinsu, wannan ɗan amshin Shata ne.

Kuma ƙirga ƙuri'a da suna abu ne mai yiwuwa. A watan Yulin 2021 Sanata Abaribe ya nemi a ƙirga a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayarsa, 52 a gefe guda, 28 a ɗaya gefen, jaridu suka buga sunaye. Mutane suka san wanda za su tuhuma.

Wannan nake so a majalisun jihohinmu, aƙalla a kan kasafin kuɗi, ciyo bashi, tsige gwamna ko mataimakinsa, da dokokin masarautu. A kira suna, a rubuta, a wallafa. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'ata, sai ya gaya mini a gaban jama'a ko zai gabatar da wannan buƙata a zauren majalisa.