Hannuna yana rawa, ta ce giya na sha

Jiya wata yarinya da ba ta kai 'yata ta fari ba ta tambaye ni, a gaban jama'a, ko da akfetashi, giyar gargajiyar nan ta Ghana, na karya kumallo. Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi.

'Yan'uwa masu dashen ƙoda, kun san yadda gwajin Tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin dashen, yake. Ka sha na dare, a ɗibi jininka bayan awa 12, kafin ka haɗiye na safe. In lokacin ya wuce, awon ya zama banza, kuɗinka ma ya bi shi. Shi ya sa ina sallame Asuba na bar unguwarmu Aboabo, na shiga tirotiro, motar haya, zuwa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin Kumasi, maganina yana aljihu. Na yi mata sallama, ba ta ɗago ba, tana ta danna waya. Da ta ga dama ta turo mini takarda. Na kama biro, hannu ya fara abin da ya saba, harufa suka karkace. Sai ta dubi ta kusa da ita, ta yi dariya, ta ce da Hausa, don 'yar Zango ce: "Baba, da sassafe haka? Akfetashi ne?"

Na ce, "'Yata, magani ne. Shi na zo a auna."

Ta ce, "To ka rage sha mana."

In rage! Madalla da wannan likita ta bayan kanta! In rage, jikina ya far wa ƙodar da ƙanwata ta kwanta a Indiya aka yanka ta aka ba ni? Na danne, na miƙa kuɗi. Ta ƙirga tsaf, ta rubuta rasit, sannan ta ce sinadarin gwajin ya ƙare, in leƙo wani mako. Na ce me ya hana ta faɗa tun farko? Ta ce ban tambaya ba. Na nemi kuɗina, ta ce manaja bai iso ba, "ka zauna can, kana tare mini layi." Lokacin maganina ya riga ya wuce.

Da ta san abin da take wa dariya, da kunya ta kama ta. Maganin nan danne garkuwar jiki yake don kada ta yaƙi baƙuwar ƙoda, kuma tsakanin amfaninsa da dafinsa bai fi kaurin zare ba. In ya yi ƙasa a jini, jiki ya ƙi dashen. In ya hau, shi da kansa yake matse jijiyoyin ƙodar da aka ce ya tsare, ya lalata ta a hankali. Rawar hannu, ciwon kai, rashin barci, hawan jini, zubar gashi, hawan fotasiyam mai iya taɓa zuciya, duk aikinsa ne. Ni ban gaji ciwon sukari ba, shi da Prednisolone suka kawo mini. Gudawa kaɗai tana iya ɗaga Tacrolimus a jini. Haka lemon garehul, haka magunguna irin su Fluconazole ko Erythromycin da kemis zai miƙa maka ba tambaya. Rifampicin na tarin fuka kuwa zubar da shi yake. Ni tela ne, yau zura zare a allura sai na kira yaron shago. Rawar ta ƙaru kwanan nan, kuma awo ne kawai zai nuna ko ya yi yawa.

Amma yarinya ta ga wurin raini ne, gwamnati ta fara raina mu. Tun 2003 aka kafa inshorar lafiya, aka jera dashen gaɓoɓi cikin abin da kati ba ya biya. Tun 2008 aka fara dashen ƙoda a Ankara, babban birnin Ghana, shekaru nawa ke nan, amma magani da awonsa suna wuyanmu. Maganin daga waje yake zuwa, duk faɗuwar sidi a kanmu take ƙarewa. A 2023 da aka ce wankin ƙoda zai tashi daga sidi 380 zuwa 765, ƙasa ta ɗauka, rediyo da majalisa kowa na magana, har aka zo ana shelar wanki kyauta. Na yi wa masu wanki murna, na zauna a kujerar nan, na san azabarta. To mu da muka sayar da fili muka sauke wa ƙasa nauyin injin, laifin me muka yi? Sai dashen ya mutu mun koma layi sannan za a san da mu?

Ku ma mutanen Zango ba ku fita ba. Ranar tafiya Indiya an yi karo-karo a masallaci, Allah ya saka. Yanzu in ka ce magani ya ƙare sai a ce, "Ba an yi aikin ba?" Wani ya kawo maka jiƙo a gora, wai ka bar na Bature. Ina da wanda na sani a unguwar Asawase yana raba maganin kwana ɗaya ya yi masa biyu. 'Yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'a kowace Sallah, wanne ya taɓa tashi ya ce a sa maganin nan a kan kati? Rasit ɗina yana hannuna, gobe da safe zan koma wajen manajan.