Ni da bindigar fenti

Masu tambayar abin da ya sami gemuna, ba furfura ba ce. Ga labarin sau ɗaya, don na gaji da maimaitawa.

Katangar nan ce dai da na yi wata shida ina cewa gobe zan yi mata fenti. Na ce rola ɓata lokaci ce, ni feshi zan yi. Na aro bindiga wurin ƙanin maiɗakina, haɗe da 'yar kwamfuresarsa mai lita 24, na cika kofin da fentin bango kai tsaye daga bokiti, ko tacewa babu.

Na ja kunama, iska kawai. Na sake ja, ta yi tari irin na akuya mai mura, ta tofa wa katangar ɗigo uku. Ashe bindigar fentin mota ce, ramin bakinta milimita 1.3, an yi ta don fenti mai ruwa-ruwa da aka sirka da tina. Ni kuwa na ɗura mata abu kamar taɓo. Fentin bango baki mai faɗi yake so, 2.0 ko 2.5, a sirka shi da ruwa, a tace. Katanga mai tsawo ma aikin injin nan ne marar iska, mai tura fentin da ƙarfin famfo. Duk wannan ilimin sai bayan ta faru na samu.

Babu abin murɗawa a jikinta da ban murɗa ba. Kwamfuresa sai gurnani take, tanki ya ƙi cika. Na nemo allura na zungure bakin, sannan na juyo da ita saitin fuskata, na kanne ido ɗaya ina leƙen ramin. Yatsana fa yana kan kunama. Wallahi ban ja ba, shi ya ja kansa. Fuuu! Duk abin da ta hana katanga tun safe, ni ta biya, har da riba. Goshi, gira, hanci, gemu, har cikin baki, don a buɗe yake. Na tsaya ƙiƙam, fari fat, ido ɗaya ne kaɗai ya tsira, wanda na kanne. Na gode Allah ba marar iskar ba ce, don ita ƙarfin matsinta kan kai 3,000 a ma'aunin matsi na psi, tana cusa fenti ƙarƙashin fata, sai asibiti.

Amma abin da ke ci mini rai shi ne Baban nan na ƙofar gidanmu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a fentin mota! Yana kan bencinsa tun farko, sau uku yana ce mini sannu da aiki. Sai da na zama fatalwa ya gyara zama ya ce, "Ai tun da na ga bindigar na san ba za ta yi ba."

Na ce, "Haba Baba, me ya hana ku faɗa?"

Ya ce, "Ka tambaya?"

Kuma tsanina yana gidansa tun bara, ban taɓa yi masa maganar ba. Da nake wanke fuska ma sai ya aiko jikansa, wai in akwai ragowar fenti a sam masa.

Mai bindiga ya kira sau huɗu, ban ɗauka ba, don fentin ya bushe a cikinta. Na dai sayo rola. Tana nan cikin ledarta.