Kwafe fayilolin Oracle ba shi ne ajiyar kariya ba

Masu shirin jarrabawar kula da rumbun bayanan Oracle da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun kwafe fayilolin bayanai zuwa wani faifai, shi ke nan sun yi ajiya. Ba haka ba ne. Idan rumbun yana buɗe, ana ta rubutu a cikinsa lokacin kwafin, sai lambar SCN, wato lambar da Oracle ke bin sawun canje-canje da ita, ta kowane fayil ta bambanta. Ranar da za a maido, rumbun ya ƙi buɗewa.

Don yin ajiya ta gaskiya, fara duba yanayin rumbun da umarnin ARCHIVE LOG LIST. In ka ga yana NOARCHIVELOG, wato ba ya adana tsofaffin bayanan canje-canjen da ake buƙata don yin ajiya yana buɗe, rufe shi da SHUTDOWN IMMEDIATE, sai STARTUP MOUNT, sai ALTER DATABASE ARCHIVELOG, sannan ALTER DATABASE OPEN. Daga nan ka shiga RMAN, manhajar Oracle ta ajiya da maidowa, ka ba da BACKUP DATABASE PLUS ARCHIVELOG.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne ma'ajiyar Fast Recovery Area, inda Oracle ke tara fayilolin ajiya da na bayanan canje-canje. In ta cika, kuskuren ORA-00257 zai fito, aiki ya tsaya cak. Kada ka goge tsofaffin fayilolin da ke cikinta da hannu. RMAN ba zai san an cire su ba. Goge su ta cikinsa, kuma ka gwada maidowa a kan Oracle 19c na gwaji kafin ranar jarrabawa.