Allurar ido ta dala 50 da ta dala 2,000

Dattijo ya dubi jikansa, yana ganin kunnuwa da kafaɗu, amma tsakiyar fuskar ta dushe. Gefen ƙofa da yake miƙe sai ya gan shi a lanƙwashe. Haka lalacewar makula take somawa, wato tsakiyar tantanin gani da ke can bayan ido. Nau'inta mai saurin ɓarna yana zuwa ne idan ƙananan jijiyoyin jini suka tsiro inda bai dace ba, suna yoyo.

Maganinsa allura ce a cikin ƙwayar ido, sau da yawa wata-wata, kuma a nan aljihu yake jin jiki. Lucentis, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, ya shigo kasuwa a kan kusan dala 2,000 kowace allura. Avastin kuwa maganin ciwon daji ne, na kamfani ɗaya da Lucentis, wato Genentech. Likitocin ido suka lura cewa shi ma yana aiki a kan wannan ciwo, kuma idan aka rarraba kwalba guda a ƙananan sirinji, allura takan tsaya a wajen dala 50.

An ce araha ba ta ado, to a nan dai ta yi. Wani bincike mai suna CATT da aka yi a Amurka kan majiyyata kusan 1,200 ya nuna a 2011 cewa magungunan biyu kunnen doki suka yi wajen kare gani. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Avastin cikin jerin muhimman magunguna domin amfanin ido.

Haɗarin mai arahar yana wurin rarrabawa. A 2011 ɗin, gurɓatattun sirinji sun jawo wa wasu majiyyata a birnin Miami na Amurka mummunan ciwon ido, har wasu suka makance. Shi ya sa nake ganin tambayar da ta kamata majiyyaci ya yi wa likita ita ce: a ina aka zuba maganin nan, kuma wa ke duba tsaftar wurin?

Sai dai kada a haɗa wannan ciwo da yanar ido. Ita aikin da bai cika wuce rabin awa ba yake kawar da ita, gani ya dawo, kuma babu ɗigon da ke narkar da ita komai tsadarsa. Allurar makula kuwa yawanci tsare abin da ya rage take yi, wanda ya yi wasa da ranakun zuwa asibiti yakan rasa har ɗan abin da ya samu.